Gwamnan da ya koma gona

Ranar Juma'ar da ta wuce, muna dawowa Utai daga kasuwar shanu ta Wudil, kakana ya tambaye ni ko na san jangali. Na ce a littafi na gani. Ya yi dariya, ya ce su a jikinsu suka gani: kuɗi kan kowace saniya, ga harajin da in ka kasa biya sai ka sayar da hatsin da iyalinka za su ci. Gwamnonin PRP ne suka soke su bayan zaɓen 1979, Abubakar Rimi a Kano, Balarabe Musa a Kaduna.

Kan Balarabe nake son mu ɗan tsaya. Ɗan ƙauyen Kaya ne, an haife shi a 1936, ya yi aikin akanta kafin ya zama gwamna. 'Yan NPN ne ke da rinjaye a majalisar jihar, suka ƙi amincewa da kwamishinoninsa, shi kuma ya ƙi yin ciniki da su. Ranar 23 ga Yuni, 1981 suka tsige shi, gwamna na farko da aka yi wa haka a Najeriya.

To me ya yi bayan nan? Bai sauya sheƙa ba. Ya kama noma, ya ci gaba da mara wa ƙungiyoyin ƙwadago baya, yana PRP har rasuwarsa a 2020. A wurinsa, manomin da taki ya gagara da ma'aikacin da albashi ba ya kai shi ƙarshen wata, ciwo ɗaya ke damunsu.

Wasu za su ce taurin kai ne, da ya sassauta da ya daɗe yana yi wa talaka aiki. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, don bai cika shekara biyu a kujera ba. Amma ku duba: yau fiye da shekara 40, wani tsoho a Utai, wanda ba ma ɗan Kaduna ba ne, bai manta sunansa ba.

Mu fa? Dubu biyu ta data ta ishe mu mu kwana muna zagin juna a Facebook saboda "oga". Wallahi mun yi araha. Kafin ka ɗora hoton ɗan takara, tambaye shi nawa buhun taki yake bana, nawa ake biyan ɗan ƙwadago a yinin noma. In ya fara inda-inda, ajiye wayarka.