Wasiƙa ga masu gyaran kwamfuta na Talata Mafara, Bakura da Maradun

 

Maganata a kan kwamfutar nan ce da ake kawo muku da ƙorafin "ta yi nauyi". Mai ita yawanci ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau ne, ko malamin makaranta, ko mai shagon buga takardu. Ita kuma tsohuwar HP ce ko Dell 'yar kwatano, mai RAM giga 4 da faifan ajiya irin mai juyawa. An saba yi mata fomatin a karɓi kuɗi, bayan mako biyu ta koma gidan jiya. Don Allah ku riƙa duba ciwon kafin ku ba da magani.

Ku fara da fahimtar da mai kaya, don da yawa ba su raba RAM da ma'ajiya. Duk wanda ya tashi a ƙasar noma irin ta Bakolori zai gane idan kun ce masa faifan ajiya rumbu ne, RAM kuma tabarmar da ake baza hatsin a kanta lokacin aiki. Girman rumbu ba ya ƙara wa tabarma faɗi. Ku buɗe Task Manager a gabansa. In RAM ce ke cika da zarar an buɗe shafuka kaɗan, a kai ta giga 8. In kuwa faifan ne ya kafe a kashi 100, to SSD yake nema. Faifai mai juyawa yana karanta wajen megabayit 100 a daƙiƙa, SSD mai SATA kuwa wajen 500, ga shi ba abin da ke motsi a cikinsa, don haka jijjigar babur ba ta dame shi ba. A ganina, in kuɗin mutum na abu ɗaya ne, SSD ne kan gaba a yawancin tsofaffin kwamfutocin nan. Wani lokacin ma ba ko ɗaya: ƙurar hunturu ce ta toshe fanka, zafi ya sa injin rage gudu. A share, a sake man sanyaya, a karɓi ladan wannan kaɗai.

Wajen sayen RAM ake yawan asara. DDR3 ba ta shiga gurbin DDR4, tsagarsu ba wuri ɗaya take ba, kada a danna da ƙarfi. Akwai kuma DDR3L mai aiki da wutar 1.35, saɓanin 1.5 ta DDR3, kuma wasu kwamfutocin ba sa tashi sai da ita. Windows mai bit 32 ba ya amfana da abin da ya haura giga 4, ko nawa kuka zuba. Wasu sirara kuma RAM ɗinsu a liƙe take da allo, ba gurbin ƙari. Haka gurbin M.2: wani SATA yake karɓa, wani NVMe. Ku duba lambar na'urar kafin ku aika Kano a sayo. Kaya in sun iso, a gwada RAM da MemTest86, a duba lafiyar faifai da awannin aikinsa da CrystalDiskInfo, filashi kuma H2testw zai tona in girmansa na bogi ne. Na hannu ne? Ku faɗa wa mai saye na hannu ne.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ke cikin faifan. Firojet ɗin ɗalibi na shekarar ƙarshe, takardun gado, hotunan iyayen da suka rasu, duk ana share su cikin minti biyar don ba a tambaya ba. Kada ku ce ai mai kaya ya ajiye a intanet. Mu a Zamfara mun ga watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a jihar baki ɗaya. Wanda ba shi da kwafi a hannu ya rasa yadda zai kai ga kayansa. Kafin ku kwance ko da noti ɗaya, ku kwafe. Tsohon faifan ku sa shi a ɗan akwatin USB ku mayar wa mai shi, ya zama ma'ajiyarsa ta biyu. Abin da idonku ya gani a ciki kuwa amana ce, musamman hotunan matan aure da 'yan mata. Ku ja wa yaran shagonku kunne a kan wannan tun ranar da aka kawo su koyon aiki.

Sai batun Windows 10, wanda Microsoft ya sa 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ranar daina tallafa masa. Windows 11 yana neman TPM 2.0 da injin da bai tsufa sosai ba, ƙarin RAM ba ya samar da su. In kwamfuta ta wuce lokacinta, ku faɗa wa mai ita gaskiya kafin ya zuba kuɗin da ya kusa kai rabin farashin wata kwamfutar.

Ina roƙon manyan cikinku su zaunar da ƙanana su koya musu waɗannan gwaje-gwajen, ko da sau ɗaya ne a wata. Allah ya yi wa nema albarka. Wassalam.