Neman Gidan Kakanni Da Hukuncin Nasaba

Wani bawan Allah ya aiko mana da takarda daga Kumasi, yana cewa kakansa ya bar ƙasar Roni da fataucin goro bai sake komowa ba. Yanzu shi jikan yana son ya gano gidan da aka haifi kakan nasa, yana kuma tambaya ko yana da hakki a cikinsa.

To, da farko muna cewa neman asali abu ne mai kyau a Musulunci. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito ya umarce mu da mu san nasabarmu gwargwadon abin da za mu sada zumunci da shi. Amma jingina kai ga uban da ba naka ba, don kwaɗayin gida ko sarauta, babban zunubi ne, kamar yadda ya tabbata a Buhari da Muslim.

Sai mai nema ya sani gari yana tashi, iyaka tana sauyawa. Gidan sarautar Kazaure kansa misali ne. Ibrahim Ɗantunku, Bafillace daga Yarimawa, wanda ya kafa masarautar, a Ɗambatta ya zauna. Bayan yaƙinsa da Sarkin Kano Ibrahim Dabo, da rasuwarsa a 1824, ɗansa Dambo ne ya mai da Kazaure mazaunin sarauta. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, Kazaure da Roni da Gwiwa suna Jigawa, Ɗambatta tana Kano, Babura kuwa tana ƙarƙashin Masarautar Ringim. Saboda haka wanda aka ce masa kakansa mutumin ƙasar Kazaure ne, kada ya tsaya a gari guda.

Shawararmu ita ce ya fara rubuta sunayen iyayensa har zuwa inda ya sani, da laƙabinsu da sana'arsu. Sa'an nan ya je ya gai da dagaci da mai unguwa da limamin garin, ya zauna da tsofaffi, musamman mata, domin su ne suka fi riƙe wa ya auri wa. Ya kuma duba gafakar malamai, domin sau da yawa akan rubuta haihuwa da rasuwa a gefen littafi. A mazhabar Malikiyya ana karɓar shaidar ji a kan nasaba, idan labarin ya yaɗu a bakin amintattu.

Game da gidan kuwa, Risalar Ibn Abi Zaid ta bayyana cewa wanda ya riƙe gida shekara 10, mai da'awa yana nan yana gani bai yi magana ba, to da'awarsa ta faɗi. Wannan shi ne hauzi. Tsakanin dangi wa'adin ya fi haka tsawo, kuma ba a ƙirga shi a kan wanda ba ya gari. Amma alƙali ne zai yanke, bayan an tabbatar da nasaba da magada.

Muna yi wa ɗan'uwanmu nasiha ya shiga garin da sallama da tsaraba, ya nemi kabarin magabatansa ya yi musu addu'a. Idan ya tarar da marayu ko gajiyayyu a gidan, ya tuna su ma jininsa ne, kuma yafe musu rabonsa sadaka ce da za ta amfani kakansa.

Allah Ya haɗa kan zuriyarmu, Ya jiƙan magabatanmu. Amin.