Ra'ayinmu: A kai ɗaliban malanta irin ajin da za su riƙe gobe

Kowace shekara makarantar horon malamai ta Bawa Jangwarzo da ke birnin Maraɗi, kamar sauran takwarorinta na ƙasar Nijar, tana fitar da ɗalibanta zuwa makarantun firamare domin gwajin koyarwa, wanda su kansu suke kira sitaj. A bisa tsari, ɗalibi yakan fara da zama a bayan aji yana kallon yadda gogaggen malami yake tafiyar da darasi, daga nan a miƙa masa alli ya gwada a gaban malamin, daga ƙarshe kuma a sakar masa ajin ya riƙe da kansa. A ganin wannan jarida, duk cikin horon malami babu lokacin da ya kai waɗannan makonni muhimmanci, kuma babu wanda ya fi saurin zama aikin cika ƙa'ida idan ba a sa ido ba.

Mai karatu zai tuna yadda aka zo nan. Bayan dokar tsarin ilimi ta 1998, da kuma shirin shekara goma na bunƙasa ilimi da aka ƙaddamar a 2003, an buɗe makarantu birni da ƙauye, yara suka yi ta shiga lakkol fiye da kowane lokaci. Da yake baitulmali ba zai iya ɗaukar cikakkun ma'aikata ba, sai aka koma ga malaman sa-kai, daga baya malaman kwantaragi, kuma da yawansu sun shiga aji ba tare da sun taɓa tsayawa gaban yara ƙarƙashin kulawar wani ba. Sakamakon bai ɓoyu ba. Binciken PASEC na 2014 ya nuna cewa ko yaro ɗaya cikin goma da ke ajin ƙarshe na firamare a Nijar bai kai matsayin da ake bukata a karatu ba. A 2017, lokacin da Dauda Mamadu Marte yake ministan ilimin firamare, an yi wa dubun dubatan malaman kwantaragi jarrabawa, kuma kusan kashi ɗaya bisa uku ne kawai suka samu matsakaicin maki. Binciken 2019 ya nuna an ɗan farfaɗo, amma har a lokacin yawancin yaran suna ƙasa da mizani.

To sai dai jarrabawar takarda iyakarta ta nuna ko malami ya iya lissafi da Faransanci. Ba ta nuna ko zai iya sa yara cike da aji su yi shiru ba tare da bulala ba, ko zai gane cewa yarinyar da ke can lungu ba ta ganin allo, ko zai iya sauya bayani nan take idan ya ga idanun yara sun nuna ba su fahimta ba. Waɗannan a gaban yara ake koyonsu, kuma saboda su ne aka ƙirƙiro sitaj.

Tambayar da muke yi ita ce: a wane irin aji ake yin gwajin? Hanya mafi sauƙi ga kowace makarantar horo ita ce ta rarraba ɗalibanta a makarantun cikin gari da ke kusa da ita, inda akwai gini, da tebur da benci, da darakta mai ofis, inda kuma masu duba ɗaliban za su iya leƙawa ba tare da wahala ba. Babu laifi a fara daga nan. Laifin shi ne a ƙare a nan, domin ranar da takardar tura sabon malami wurin aiki ta fito, da wuya a bar shi a tsakiyar Maraɗi. Wata ƙila ya tsinci kansa a ƙauyen da ajinsa rumfar zana ce, yara zaune a ƙasa, littafi ɗaya tsakanin yara da yawa, wani lokaci ma aji biyu a haɗe a hannunsa shi kaɗai. Wanda bai taɓa ganin haka ba, takardar shirin darasi da ya sha wahalar rubutawa ba za ta kai shi ƙarfe goma na safe ba.

Maraɗi kuwa ba ta da uzuri a wannan fanni, domin Allah ya ajiye mata wuraren gwaji a bakin ƙofa. Tibiri, mazaunin Sarkin Gobir, da Jiratawa mai lambunan zogale a bakin Gulbin Maraɗi, dukansu tafiyar da ba ta kai rabin awa ba ce a kan babur. (Ga wanda ya manta, sunan wani Sarkin Gobir makarantar horon take ɗauke da shi, don haka zuwa Tibiri ziyarar gida ce.) A ƙauyukan da ke kewaye da waɗannan garuruwa biyu ɗalibin malanta zai ga abin da littafi ba ya faɗa. Zai ga yadda aji ke raguwa ranar kasuwa da lokacin aikin lambu. Zai koyi yadda ake zama da kwamitin iyaye mai kula da makaranta, da yadda ake gaida mai gari da liman kafin a nemi wata alfarma. Zai ga yarinya mai ƙoƙari a ajin CM1 da ta daina zuwa, ya ga yadda darakta mai hikima yake bin sawunta har gida ba tare da ya ɓata da uban ba. Kowa ya san jihar Maraɗi tana cikin inda aka fi aurar da ƴan mata da wuri.

Batun rumfar zana ma ba na ƙauye kaɗai ba ne. Ranar 8 ga watan Nuwamba 2021 gobara ta tashi a ajujuwan zana na makarantar AFN a cikin birnin Maraɗi, yara fiye da 20 suka rasu, watanni kaɗan bayan irin wannan musiba a unguwar Pays-Bas ta Yamai. Muddin akwai sauran irin waɗannan ajujuwa, wajibi ne a nuna wa mai koyon malanta inda zai zaunar da ƙananan yara, da yadda zai fitar da su cikin gaggawa, kuma a nuna masa a cikin rumfar kanta.

Sai maganar harshe. Tun 1973 aka fara gwajin koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Yaron da ke shiga ajin CI a karkarar Jiratawa da Hausa yake tunani. Amma jin Hausa daban, iya koyar da karatu da ita daban. Akwai masu takardar BEPC, har da masu Bak, da ba su san inda ake sa ƙ, ɗ da ɓ ba. Ya kamata kowane ɗalibi ya gabatar da darussan karatu cikin Hausa a ƙananan ajujuwa kafin a sa masa hannu.

Mun san abin da za a ce: babu kuɗi. Gaskiya ne ɗalibi ba zai iya biyan kabu-kabu kullum daga aljihunsa ba, kuma malamin horo ba zai je duba shi ba idan babu mai a babur. Gaskiya ne kuma matsalar ƴan bindiga a wasu yankunan kan iyaka na Madarunfa da Gidan Rumji ta sa iyaye, musamman na ɗalibai mata, ba za su yarda a tura ƴaƴansu nesa ba. Wannan ma shi ya sa muka ambaci Tibiri da Jiratawa, inda za a je da safe a kwana a gida. Kuɗin mai da na zirga-zirga na ƴan makonni kuwa bai kama ƙafar asarar da ake yi ba idan aka horar da malami, aka tura shi ƙauye, ya tsere bayan wata uku ko ya zauna yana cika rajista kawai.

Abin da ya fi kuɗi wuya shi ne zaɓen malamin da zai karɓi ɗalibin. Ba kowane daɗaɗɗen malami ne ya iya koya wa wani ba. Akwai wanda da zarar an kawo masa ɗan sitaj sai ya ga hutu ya samu, ya miƙa masa alli ya tafi harkokinsa. A nan ne koken iyaye ke da hujja, idan suka ce an mai da ƴaƴansu abin gwaji. Malamin da ya dace shi ne wanda zai zauna a ajin, ya rubuta abin da ya gani, bayan an tashi ya zaunar da ɗalibin ya gaya masa inda ya gyara da inda ya ɓata. Wannan aiki ne a kan aiki, don haka ya cancanci ɗan alawus da kuma a lissafa masa shi wajen ƙarin girma. Makin da zai bayar kuma ya zama mai nauyi: wanda bai iya riƙe aji ba a ƙara masa makonni, kada a wuce da shi don kunya ko don sanayya.

Saboda haka muna kira ga hukumar ilimi ta jihar Maraɗi, da shugabannin makarantar horon, da sufetocin da ke kula da Tibiri da Jiratawa, da su zauna tun kafin komawa makaranta a watan Oktoba, su fitar da sunayen makarantun karkara da na malaman da za su karɓi ɗalibai, su tabbatar kowane ɗalibi ya yi aƙalla zango ɗaya na gwajinsa a wajen birni. Su kuma ƙananan hukumomin biyu, tunda ƴaƴansu ne za su fara amfana, su sanya kuɗin man masu duba ɗaliban a cikin kasafinsu na shekara mai zuwa.