Ku Kama Bakinku Daga Sunan Ɗan Mutane

Akwai wata muguwar ɗabi'a da ta zauna mana daram, har mun daina ganin muninta. Mutum zai tambayi sunan yaro, a faɗa masa, maimakon ya ce Allah ya raya sai ya yatsine fuska, ko ya tuntsure da dariya, ko ya hau sharhi kamar an kawo masa suna ne ya duba ya sa hannu. Maza na yi, mata na yi, masu boko na yi, masu ilimin addini ma ba a bar su a baya ba. Wannan rashin ta-ido ne, kuma cin fuska ne, ko da mai yin ya rantse cewa bai nufi komai ba.

Shiga gidan suna da la'asar ka gani. Mai jego na zaune a bakin gado, ta sha lalle, kwananta bakwai ba ta yi barcin kirki ba, ga wankan jego safe da yamma. Ana miƙa jaririya daga hannu zuwa hannu. Sai wata ta shigo, ko mayafi ba ta sauke ba, ta karɓi jaririya ta ce, "Wa aka samu?" A ce mata Hajara. Sai ta riƙe baki: "Haba! Duk sunayen duniya a rasa wanda za a sa wa wannan kyakkyawar yarinya sai sunan tsofaffi?" Ɗaki ya yi tsit, wasu su yi dariyar yaƙe. Mai jego ta sunkuyar da kai tana gyara zanin goyo da ba ya bukatar gyara. Abin da mai maganar ba ta tsaya ta tambaya ba shi ne, sunan mahaifiyar mai jegon ne, wadda aka binne kafin ta ga wannan jika. Mijin ne ya yi wa matarsa kara, ya mayar mata da sunan uwarta don ya share mata hawaye. Da 'yan kalmomi baƙuwar nan ta taka wannan duka, ta ci tuwon suna, ta karɓi ƙullin cincin ta tafi gida hankalinta kwance.

Bahaushe ba ya raɗa suna a banza. Tun ranar haihuwa ake yi wa jariri huɗuba, a kwana bakwai a tara jama'a da sassafe, a raba goro da dabino, liman ya yi addu'a, a yanka rago, wanzami ya yi aski. Kafin a kai nan an yi shawara, wani lokaci har da ja-in-ja tsakanin dangin uwa da na uba. Wani sunan biyan bashin alheri ne ga malamin da ya koyar da uban yaro, wani na aminin da ya rasu ne, wani kuwa alkawari ne da aka ɗauka tun ana neman haihuwa ido rufe. Shi ya sa gidajenmu suka cika da su Abba da Ummi da Walida da Baffa, domin sunan yankan na iyaye ne, bakin 'ya'ya da surukai ba ya iya furta shi. Al'ummar da ta girmama suna har ta ƙirƙiro alkunya don kada a kama shi gatsau, yaya aka yi ta wayi gari kowa na iya wasa da shi a bainar jama'a?

Waɗanda suka fi shan wannan wulaƙanci su ne masu sunayen gargajiya. Yau a birni idan aka ce yaro Tanko ne, ko yarinya Kande ce ko Talatu, sai ka ji an ce "sunan ƙauye." Wasu finafinanmu da wasannin barkwanci sun ƙara wa wutar fetur: duk inda ake son nuna baƙauye ko 'yar aiki, cikin waɗannan sunaye ake zaɓar masa. To amma me ke cikin sunayen? Tanko namiji ne da ya zo bayan mata, Kande mace ce da ta zo bayan maza, Gambo ta biyo bayan tagwaye. Talatu, Laraba, Lami, Jummai, Asabe, Ladi, kowacce na ɗauke da ranar da ta zo duniya. Ɗan'azumi ya zo a watan azumi, Nomau ya zo ana tsakiyar aikin gona. A zamanin da ba a rubuta takardar haihuwa, sunan ne ke riƙe wa gida tarihinsa.

Akwai kuma waɗanda ya kamata mai dariya ya ji kunyar kansa in ya san asalinsu. Macen da ke wabi, wato ta haihu yaro ya koma, ta sake haihuwa ya sake komawa, ita ce ke kiran ɗanta Ajuji ko Ayashe, tana nuna kamar ba ta damu da shi ba, ko mutuwa za ta kau da kai ta bar mata wannan. Wata ta ce Barmani, roƙo ne tsagwaronsa daga bakin uwar da ta gaji da ganin ana fita da ƙananan gawawwaki daga ɗakinta. Talle yaro ne da ya tashi ba uwa. Audi bai tarar da ubansa a duniya ba. Kana iya cewa wasu daga cikin waɗannan al'adu sun samo asali ne daga camfi, kuma ba zan yi musu da kai ba. Amma wanda ke tsaye a gabanka ɗan mutum ne da ya rayu bayan 'yan'uwansa sun mutu, sunansa kuma shaidar hawayen uwarsa ne. Wannan kake yi wa dariya.

Su kuma masu ganin sunayen nan ba sa kai mutum ko'ina, su duba. Hajiya Gambo Sawaba, wadda aka haifa a 1933 ta rasu a 2001, sunanta na yanka Hajaratu, amma da Gambo duniya ta san ta, da shi ta shiga kurkuku sau da dama saboda gwagwarmayar jam'iyyar NEPU da 'yancin mata, da shi kuma ake kiran babban asibiti a Zariya yau. Ladi Kwali, gwanar ginin tukwane, hotonta ne a bayan takardar naira 20. Balarabe Musa ya zama gwamnan jihar Kaduna a 1979. Barmani Choge ta Funtuwa ta riƙe kiɗan amada har ta rasu a 2013, babu wanda ya isa ya ture ta. Sunan bai rage su da komai ba.

A ɗaya gefen kuma ga masu yi wa sababbin sunaye ba'a. Matashi ya sa wa 'yarsa Afnan ko Nihal, ko ɗansa Aiman, sai dattawan unguwa su ce, "Wannan kuma sunan magani ne ko na fim ɗin Indiya?" Gaskiya ne akwai iyayen da ke tsinto suna a intanet don daɗin sautinsa kawai, ba su tambayi ma'anarsa ba, kuma wannan sakaci ne. Sai dai sakacin uba ba lasisi ba ne na muzanta ɗa. Kuma sau da yawa mai ba'ar ne bai sani ba: Aiman suna ne da ake da shi tun zamanin sahabbai, ɗan Ummu Aiman ne, matar da ta reni Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.

Wannan ya kawo ni kan mafi haɗarinsu, wato masu fakewa da addini. Za ka ga mutum ya ji wa'azi rabi da rabi, sai ya tsaya a tsakiyar taro ya yanke hukunci cewa sunan ɗan wani haramun ne. Masu suna Asiya sun sha wannan. Wani ya ji an ce Annabi ya canza wa wata 'yar Sayyidina Umar suna daga Asiya zuwa Jamila, sai ya hau kan duk wata Asiya da ya gani. Bai san cewa sunaye biyu ne daban a Larabci ba: wanda aka canza yana nufin mai saɓo, ɗayan kuwa sunan matar Fir'auna ne, muminar da Alƙur'ani ya buga misali da imaninta. Yarinya ta koma gida tana kuka an ce sunanta mai saɓo, alhali takwarar ɗaya daga cikin mafifitan matan duniya ce.

Ko a inda sunan ke da matsala da gaske, dubi yadda Annabi ya yi. Ya canza Barra zuwa Zainab. Ya ce wa kakan Sa'idu bin Musayyib, mai suna Hazn, ya koma Sahl, mutumin ya ce ba zai canza sunan da ubansa ya sa masa ba, kuma ba a tilasta shi ba. A duk waɗannan, abin da ake yi shi ne a miƙa wa mutum suna mafi kyau a hannu, ba a tara jama'a a yi masa dariya ba. Aya ta 11 a Suratul Hujurati kuwa ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙabi ƙarara. Wanda yake da gyara na gaskiya, ƙofa a buɗe take: ya sami uban yaro shi kaɗai, tun kafin ranar suna in da hali, ya faɗa masa da hujja, ya kawo masa madadi, sannan ya bar masa zaɓi, domin haƙƙinsa ne. Wanda ya jira sai an yanka rago, maroƙi ya shelanta, mata sun yi guɗa, sannan ya buɗe baki a gaban mutane, ba gyara ya zo yi ba, ya zo ne a san shi ma ya sani.

Malaman makaranta, ku ma da ku nake. Malami ya ɗauki rajista yana kiran suna, ya iso kan wata yarinya, ya tsaya, ya ɗaga kai ya ce, "Kande? Daga wane ƙauyen aka kawo ki?" Aji ya fashe da dariya. Shi ya manta kafin a tashi tara, su kuwa yaran sun samu abin tsokana na shekara shida. Haka ake yi wa Bitrus da Rifkatu da Godiya, 'ya'yan Hausawa Kiristoci, a ce musu, "Kai da wannan sunan kake cewa kai Bahaushe ne?" Haka ake yi wa ɗan Bayarabe ko ɗan Ibo da aka haifa a Sabon Gari, malami ya ƙi wahalar da harshensa ya koyi sunan, ya laƙaba masa wanda ya ga dama. Irin waɗannan yara ne ke girma su je kotu su yi rantsuwa, su buga sanarwa a jarida, su yi ta zarya ana gyara musu takardun jarrabawa da katin ɗan ƙasa, duk don su rabu da sunan da iyayensu suka ba su da ƙauna. Malamin da ya jawo wannan ba ya ma tuna fuskarsu.

Na san amsar da ake bayarwa: "Ai wasa nake yi." A'a. Muna da wasa, kuma mun san iyakarsa. Kaka na tsokanar jikanta, abokan wasa na yi wa juna, kowa ya san matsayinsa kuma kowa na da damar ramawa. Jaririn kwana bakwai da me zai rama? Mai jegon da kunyar surukai ta ɗaure wa baki, ko ɗan aji biyu a gaban malami mai riƙe da bulala, ina suka ga bakin ramawa? Wasan da ɗaya ke dariya ɗaya ke haɗiye kuka cin zali ne. Magana kuwa zarar bunu ce, ba a mayar da ita.

Saura ku iyaye, ku ma laifinku ba ƙarami ba ne. Ana muzanta sunan ɗanku a gabansa, ku kuna murmushi wai kada a ce ba ku da kara. Yaron na kallon fuskarku yana jiran ya ga ko za ku tsaya masa. Idan ya ga kun yi dariya tare da mai zagin, ya gama yanke hukunci cewa lallai akwai abin kunya a sunansa, tunda ga wanda ya sa masa ma bai kare shi ba. Wasu iyayen har kan ba da haƙuri: "Wallahi ni ma ba na so, kakarsa ce ta matsa." A gaban yaron! Wace irin magana ce wannan?

Ba a ce ku yi faɗa ba, ba a ce ku ci mutuncin babba ba. Amsa a taƙaice ta wadatar, a faɗe ta da fuska a sake amma ba da dariya ba. In dattijo ne: "Baba, an riga an raɗa, albarka muke nema ku sa masa." In ƙawa ce: "Sunan mahaifiyata ne, ki yi mata addu'a." In mai fatawar tsaye ne: "Malam, mun tambaya kafin mu sa, in akwai magana mu haɗu daga baya." In a makaranta abin ya faru, uba ya sa hularsa ya je da ƙafarsa, ya sami malamin a ofis, ya gaya masa cewa yaron nan da sunansa za a kira shi, yadda aka rubuta, ba ƙari ba ragi. Ita ma mai jego ba sai ta yi magana da bakinta ba. Yayarta ko gwaggonta da ke zaune a ɗakin me suke yi da za su bar baƙuwa ta ci fuskarta a kan gadonta?

Bayan baƙin sun watse, a zaunar da yaron a ba shi labarin sunansa. A gaya masa wane ne mai sunan, me ya yi a rayuwa, wa ya zaɓa, don me aka zaɓa. In Tanko ne, a gaya masa yadda yayyensa mata suka yi ta rigimar wa za ta goya shi. In Hajara ce, a gaya mata wace ce kakarta, da kuma Hajara ta farko, uwar Annabi Isma'ila, wadda alhazai ke bin sawunta tsakanin Safa da Marwa har gobe. Ku fara ba shi labarin tun bai shiga makaranta ba, kafin wani ya riga ku gaya masa abin da sunansa yake nufi.