Cutar Korona Da Aikin Ciki: Abin Da Likitoci Suka Gano

'Yan'uwa, akwai wata magana da ta taso a asibitocin duniya cikin shekara ta 2020, wadda a ganina ta shafe mu mutanen Gubuchi da kewaye, gama mu ma mukan ɗauki marasa lafiyarmu zuwa Makarfi ko Shika ko Wusasa domin a yi musu aiki. Tambayar ita ce, idan mai korona ya bukaci fiɗa, ko ƙwayar cutar tana cikin ruwan da ke kewaye da hanjinsa?

A birnin Pisa na ƙasar Italiya an yi wa wani tsoho mai shekara 78 aiki saboda toshewar hanji, aka gwada ruwan cikinsa, aka kuwa sami alamar ƙwayar a ciki. A Singafo an cire wa wani saurayi mai korona afendis, aka gwada, ba a sami kome ba. Haka rahotanni suka yi ta saɓa wa juna. Wannan tsoro dai yawanci na masu aikin tiyata ne, watau likita da nas da ke tsaye a kan buɗaɗɗen ciki.

Shi mara lafiya kuwa, haɗarinsa a ƙirji yake. A watan Mayu 2020 mujallar Lancet ta buga bincike a kan mutum 1,128 masu korona da aka yi wa aiki a ƙasashe 24. Kusan ɗaya cikin huɗu sun rasu kafin kwana 30. Rabinsu sun sami ciwon huhu bayan aikin, kuma takwas cikin goma na waɗanda suka rasu daga cikin waɗannan ne. Maganin sa barci da na'urar numfashi da doguwar kwanciya suna wahalar da huhun da cuta ta riga ta taɓa. Shi ya sa a 2021 wani bincike a ƙasashe 116 ya ba da shawara a jira mako 7 bayan kamuwa kafin a yi aikin da ba na gaggawa ba. Daga baya, da allurar rigakafi ta yaɗu, an sassauta wannan ƙa'ida.

To, ga ra'ayina. Mu mukan ɓoye wa likita tari da zazzaɓi don kada a ɗaga mana rana, tun da an sayar da masara ko akuya, an biya kuɗin mota. Idan ya ɗaga ranar kuma, sai mu ce kuɗi yake nema. Ban yarda da wannan zato ba. Mai ƙaba da ta yi shekara biyar ba ta dame shi ba, zai iya ƙara mako kaɗan ƙirjinsa ya washe, ko korona ce ko mura mai zafi.

Amma fa kada wani ya ɗauki wannan ya zauna a gida da ciki mai tauri. Idan taifot ta huda hanji, ko ƙaba ta shaƙe har mutum yana amai, ko haihuwa ta gagara, babu jira. Ko a tsakiyar kullen da aka yi a Jihar Kaduna daga Maris 2020, irin waɗannan ba a jinkirta su, tsohon nan na Pisa ma da koronarsa aka shiga da shi. Dattawan ikkilisiya da matan zumunta, ku da aka fi kira da dare, ku nemi mota tukuna, a yi addu'ar a hanya.