Kamfanonin gem suna jin kuka, sai dai ba na ɗan Faskari ba

A ranar 30 ga Satumban 2021 kamfanin Konami na ƙasar Japan ya fitar da eFootball 2022, magajin wasan ƙwallon PES da duk wanda ya taɓa zama a gidan gem a Arewa ya sani. Ba a kwana biyu ba duniya ta ɗauka. Fuskokin 'yan ƙwallo sun fito a karkace, hotunan abin dariya suka cika kafafen sada zumunta, a kasuwar wasanni ta Steam kuma ya koma can ƙasa, cikin waɗanda aka fi kushewa a tarihinta. Washegari Konami ya nemi afuwa, daga baya ya ɗage fitar da cikakken wasan zuwa Afrilun 2022 don ya yi gyara.

A waɗannan ranakun, matashin da ke Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa bai san wainar da ake toyawa ba. Tun farkon watan na Satumba aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da waɗannan ukun, a wani mataki na gwamnatin Aminu Bello Masari na yaƙi da 'yan bindiga. An hana sayar da fetur a jarka, an rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, an kuma hana sana'ar cajin waya. Mai gidan gem ba shi da man janareta, mai waya ba shi da caji balle sabis. Da aka maido da layukan a ƙananan hukumomi goma a watan Disamba, waɗannan ukun suna cikin waɗanda aka bari su ƙara jira.

Ana yawan tambaya ko kamfanonin wasannin bidiyo suna sauraron 'yan wasa idan sun sauya dokokin wasan da ake bugawa da jama'a ta intanet. Suna saurare, har sukan janye mataki cikin kwana uku. Matsalar ita ce wanda suke saurare, kuma ɗan kudancin Katsina ba ya cikin sahun.

Misalin da ya fi fito da wannan fili shi ne na Helldivers 2. A farkon Mayun 2024 Sony ya sanar cewa dole masu buga wasan a kwamfuta su buɗe asusun PlayStation Network. 'Yan wasa suka fusata, suka zuba wa wasan kushe sama da 200,000 a Steam cikin 'yan kwanaki, wasu suka nemi a maido musu da kuɗinsu. Ranar 6 ga wata Sony ya janye. Aka yi ta murna cewa 'yan wasa sun yi nasara. Amma a cikin rigimar an daina sayar da wasan a ƙasashe da yankuna 177 da ba su da PlayStation Network a hukumance, wato kusan duk Afirka in ban da Afirka ta Kudu. Wannan takunkumin bai tashi tare da janyewar ba. Sai a Yunin 2025, bayan fiye da shekara guda, aka buɗe wa mafi yawansu. Masu kuɗi sun samu biyan bukata, suka watse, ba wanda ya tsaya jiran na baya.

Haka abin yake tun 2017, lokacin da kamfanin EA ya cika Star Wars Battlefront II da akwatunan sa'a na kuɗi. Amsar da ya bayar a Reddit ta samu ƙuri'un ƙi sama da 600,000, abin da ba a taɓa gani ba a wurin, kuma sa'o'i kafin fitar da wasan ya dakatar da cinikin. Bayan hukumar caca ta Beljiyom ta ce irin waɗannan akwatuna caca ne a 2018, EA ya daina sayar da kuɗin wasan FIFA a ƙasar a farkon 2019. Ihu da Turanci, aljihun da ake tsoron ya rufe, da doka: waɗannan ne suke motsa kamfani.

Akwai kunne na huɗu da kamfanonin suka fi amincewa da shi, wato alƙaluman da wasan ke tara musu a ɓoye. Wa ya shiga, minti nawa ya yi, a ina ya fita, ya dawo gobe ko bai dawo ba. A nan ne aka fi zaluntar ɗan Sabuwa.

Idan sabis ya ɗauke ana tsakiyar wasa, na'ura ba ta san cewa turken sadarwa ne ya mutu ba. Abin da take gani shi ne ɗan wasa ya gudu. A eFootball sai a rubuta masa an cinye shi, ko da shi ke gaba. A Free Fire da Call of Duty: Mobile sai a rage masa maki a wasan matsayi, in abin ya yawaita a hana shi shiga na wani lokaci. An kafa wannan doka ne saboda koken 'yan wasa, kuma koken gaskiya ne: ba wanda ke son abokin karawarsa ya kashe waya don ya ga za a ci shi. To amma waɗanda suka kai koken suna zaune ne inda wuta da intanet ba sa ɗaukewa. Gyaran da aka yi musu shi ne bulalar da ke sauka a kan wanda wutar KEDCO da sabis suka haɗu suka yi wa taron dangi.

Sai maganar sabuntawa. Free Fire na sauya fasali kusan kowane wata biyu, PUBG Mobile ma haka, kuma wanda bai sauke sabon ba, ba ya shiga fili. Kowane zagaye ɗaruruwan megabayit ne, wani lokaci ya haura gigabayit. Ga wanda ke da Wi-Fi a gida wannan ba labari ba ne. Ga wanda ke sayen data kaɗan-kaɗan, musamman bayan hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari na kuɗin kira da data a Janairun 2025, sabon kaya da aka ɗinka wa wani jarumin wasa na iya cinye datarsa ta mako. Wayar ma tana da iyaka. Duk sabuntawa wasan ƙara nauyi yake, har ranar da tsohuwar Tecno ko itel za ta fara zafi tana tsayawa. Mai ita ya goge wasan, alƙaluma su rubuta cewa ya gaji ne ya tafi.

Wani zai ce, a yankin da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020, yankin da manomi ke fargabar zuwa gonarsa, wa ke da lokacin kukan gem? Maganar tana da nauyi, kuma ba wanda zai haɗa su a sikeli ɗaya. Sai dai inda dare ya zama abin tsoro, tafiya kallon ƙwallo a wani gari ta zama kasada, wayar hannu ce dandalin da ya rage wa saurayi. A nan yake haɗuwa da abokinsa da ya yi ƙaura zuwa Funtuwa ko Zariya ko Kano. Gidan gem kuma sana'a ce da ake ci da iyali da ita, haka mai caji, haka mai tura wasanni a waya, haka mai sayar da data. Kuɗin da ake kashewa kuɗin gumi ne. Wanda ya biya yana da haƙƙin a ji shi.

Ya kamata a yi wa kamfanonin adalci a wuri ɗaya: ba kowane ihu ne ya cancanci a bi ba. A 2024 Activision ya wallafa sakamakon wani gwaji da ya yi a ɓoye a kan rabin 'yan wasan Modern Warfare III na Arewacin Amurka, inda ya sassauta tsarin haɗa gwani da gwani, ɗan koyo da ɗan koyo. Sakamakon ya nuna cewa, ban da ƙwararrun da ke can sama, yawancin mutane sun rage dawowa wasan. Duk da haka manyan masu yaɗa wasa a YouTube da Twitch ba su daina kuka da tsarin ba, domin su suna son a haɗa su da waɗanda za su yi wa kaca-kaca a gaban 'yan kallo. A ƙarshen 2025, da Battlefield 6 ya matso da gasa, Activision ya sassauta tsarin a Black Ops 7. Kamfani ya san abin da alƙalumansa suka ce, ya bi masu murya. Kuma a lura da inda aka yi gwajin tun farko: Arewacin Amurka.

Ko Konami da aka yaba wa neman afuwa, abin da ya gyara shi ne abin da ya ba shi kunya a idon duniya. Abin da mai gidan gem da mai ƙaramar waya suka fi bukata, wato wasan da za a buga ba tare da intanet ba, shi aka jefar baya. Master League, inda mutum ke riƙe kulob shekara da shekaru shi kaɗai, an yi alƙawarin dawo da shi a 2023. Shekarar ta wuce, 2024 ma ta wuce, shiru. Ba mamaki har yanzu ana samun tsofaffin PES a gidajen gem, an yi musu kwaskwarima da sabbin riguna da sabbin 'yan wasa. Ba mamaki kuma Dream League Soccer da Ludo King, waɗanda ba su da nauyi kuma ana iya taɓa su ko sabis ya yi rauni, suka mamaye wayoyi.

Idan kamfani ya yi kunnen uwar shegu da masu ƙananan wayoyi, shi ma yakan ɗanɗana. Warzone Mobile ya fito a Maris 2024 da nauyin da wayoyin Android masu araha ba sa iya ɗauka. A Mayun 2025 aka cire shi daga kasuwa, kamfanin da kansa ya amsa cewa bai samu karɓuwar da ya zata ba a wurin masu wasa a waya. Free Fire kuwa, wanda Garena ya gina tun 2017 don ƙaramar waya da wasa na kusan minti goma, da talakawan Brazil da Indonesiya ya yi ƙarfi.

An fara waiwayo Afirka, wannan gaskiya ne. Bayan shekaru ana roƙo, Call of Duty: Mobile da PUBG Mobile sun kafa uwar garke, wato manyan kwamfutocin da ke haɗa 'yan wasa, a Najeriya da Afirka ta Kudu, maimakon saƙo ya je Turai ya dawo kafin harsashi ya fita. Kamfanin Carry1st ya sauƙaƙa sayen kayan wasa da naira, a lokacin da bankuna da dama suka rufe cinikin ƙetare da katin naira daga 2022. Ci gaba ne. Amma waɗanda aka ji su ne 'yan Legas da Abuja masu shirya gasa, masu Turanci a baki. Uwar garke a kudu ba ta tayar da turken da ya mutu a hanyar Funtuwa zuwa Gusau.

Abin da ake nema daga kamfanonin ba shi da tsada. A ba wanda layi ya yanke wa 'yan daƙiƙu ya dawo kafin a yanke masa hukunci, kuma a bambance wanda layinsa ke yankewa yana gaba da wanda ba ya ɓacewa sai ana cin sa. Alƙaluman suna hannunsu. A raba gyaran da ya zama dole da kayan ado, mai son ado ya sauke da kansa. A bar wani ɓangare na wasan yana aiki ba intanet. A sa Hausa cikin harsunan tambayoyin jin ra'ayi da suke turawa cikin wasa. Harshen da mutum sama da miliyan 50 ke magana da shi bai yi ƙanƙanta da wannan ba, tunda Facebook da Google sun daɗe da saka shi.

'Yan wasan ma akwai laifinsu. Ƙorafi a majalisa ko a rukunin WhatsApp ba ya isa Tokyo. Wanda ke isa shi ne na Play Store, inda kamfani ke ganin kowane kushe da irin wayar da aka rubuto shi da ita. Tun Nuwamban 2021 Google ke nuna wa kowace ƙasa taurarin da mutanenta suka bayar, saboda haka idan wasa ya faɗi a Najeriya, 'yan Najeriya ne ya faɗar, kuma kamfanin zai gani. Mutum ɗari daga Ƙanƙara da Faskari su rubuta abu guda a mako guda, da sunan wayarsu da girman sabuntawar da ta gagare su, ya fi shekara guda ana tsaki. Ko da Hausa aka rubuta, na'urar fassara tana gabansu.

Hukumomi kuma su daina ɗaukar wannan a matsayin wasan yara. Hukumar kare masu sayayya ta FCCPC, wadda ta ci Meta tarar dala miliyan 220 a Yulin 2024, ta nuna tana iya kallon babban kamfanin waje ido da ido. Yaron da ya sayi lu'ulu'u a wasa da nairarsa, aka rufe asusunsa saboda layinsa na yawan yankewa, mai sayayya ne kamar kowa, kuma ya kamata a ce yana da ƙofar da zai ƙwanƙwasa. NCC da kamfanonin sadarwa su ne ke da alhakin turakun da ke zaune ba mai, ba gyara a ƙauyukan Faskari da Sabuwa. Turken da zai riƙe wasan minti goma bai yanke ba, shi ne zai riƙe cinikin mai POS, da kiran da za a yi wa jami'an tsaro da tsakar dare.