KAN MALAMI SHI NE JARINSA

Akwai wata magana da mu ke so mu yi da 'yan'uwanmu malaman makaranta da akawuna, watau mu da mu ke cin abinci da alli da alƙalami. Maganar kuwa ta babur ce. Kowa ya sani yau babur shi ne dokin ma'aikaci. Shi ke kai malami makarantar ƙauye da sassafe, shi ke kai akawu ofis, shi ke ɗauko buhun masara ran kasuwa. Ba mu ga laifin wannan ba ko kaɗan. Abin da ya dame mu shi ne, in mutum ya tsaya ƙofar makaranta ko ta ofis da safe ya ƙidaya masu shigowa bisa babur, da ƙyar zai ga mai hular kwano. Sai dai kube ko zanna, an kafa ta an karkata, sai ka ce mai zuwa ɗaurin aure.

Kada wani ya ce abin ƙarami ne. Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin rahotonta na 2023, ta ce mutum wajen miliyan 1.19 ke mutuwa kowace shekara saboda haɗarin hanya, kuma in an gwada da yawan jama'a babu nahiyar da abin ya fi yi wa ɓarna kamar Afirka. Ta ce kuma tsakanin 'yan shekara 5 zuwa 29 babu abin da ya kai haɗarin hanya kisa. To, su wane ne waɗannan? Ai almajiranmu ne, da samarin malamai waɗanda suka fito kwaleji jiya jiya.

Da ya ke da malamai mu ke magana, bari mu yi lissafi. Mai gudun kilomita 50 a awa ɗaya yana cin wajen mita 14 cikin daƙiƙa guda. In ya yi karo da bango ko da mota tsaye cikin wannan gudu, daidai ya ke da wanda ya faɗo daga tsawon mita 10, watau kamar daga bene hawa uku. Wane mai hankali zai yarda ya diro daga can da hular zare a kansa? Amma ga shi kullum muna wannan gudu, har muna ganin a hankali mu ke tafiya.

Ita hular kwano tana da tarihi. A 1935 wani shahararren sojan Ingila, T. E. Lawrence, wanda ya yi suna a ƙasar Larabawa zamanin Yaƙin Duniya na Farko, ya kauce wa waɗansu yara biyu masu keke, ya faɗi daga babur ɗinsa ba kome a kansa. Bayan kwana shida ya mutu. Cikin likitocin da suka duba shi akwai Hugh Cairns, masanin aikin ƙwaƙwalwa. Abin ya tsaya masa a rai, ya shiga binciken raunin masu babur, har a 1941 rundunar sojan Ingila ta wajabta wa mahayanta hular kwano. A 1973 aka wajabta wa kowa da kowa a ƙasar. Binciken likitoci da aka tattara a 2008 ya nuna tana rage mutuwa da wajen kashi 42 cikin 100, raunin kai kuwa da wajen kashi 69.

Ga yadda ta ke aiki. Ɓawonta na waje yana baza ƙarfin bugu, farin soson da ke ciki kuwa shi ke murƙushewa a maimakon ƙoƙon kai. Saboda haka wadda ta taɓa shan bugu mai tsanani ta gama aikinta, sai a sake wata. Hular magina ba ta yin wannan aiki. Wadda ba a ɗaure maɗaurinta a haɓa ba kuwa, ita za ta riga mai ita isa ƙasa.

A nan ƙasarmu Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta sa hular kwano ran 1 ga Janairu 2009. Me ya faru? Waɗansu 'yan acaɓa suka kifa ƙwarya a ka don su wuce ma'aikata, labari ya kai har ƙasashen waje ana dariya. Da kame ya lafa, sai kowa ya koma gidan jiya. Dalili kuwa a fili ya ke, an ji tsoron tara ba a gane amfanin abin ba. Duk da haka kada a ce jama'armu ba ta sake hali. Ran 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya duka ta bar tuƙin hagu ta koma dama, bayan an yi ta wayar da kan mutane, har yau kuwa a kai mu ke. Ashe in an fahimtar da jama'a tana bi. To, wa ya fi malami cancantar fahimtarwa?

Mun san uzurorin da a kan kawo. Wani ya ce zafi. Gaskiya ne akwai zafi, amma gumin rabin awa ya fi jinyar shekara sauƙi. Wani ya ce hularsa za ta lalace, kuma ba girmansa ba ne ya shiga taro da kwano a ka. Sai ya sa kube cikin jaka, in ya sauka ya kafa abarsa. Wani ya ce tsada. Wanda ya iya sayen babur da mansa kullum ba zai kasa ba, in ma ya kasa, ga adashi. Babban uzuri shi ne na masu cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Mun yi imani da ƙaddara, amma malaman addini sun karantar da mu cewa wanda ya tambaya ko ya saki raƙuminsa ya dogara ga Allah, umurtarsa aka yi ya ɗaure shi tukuna, sa'an nan ya dogara.

Bayan kai, sai sauran jiki. Babbar riga ado ce a ƙasa, amma bisa babur tarko ce. A tattare ta a zauna a kai, kada sarƙa ta kama bakinta. Haka mayafin uwargida in an goya ta, don sau da yawa taya ta baya kan nannaɗe shi ta fizgo mai shi. Silifa ba takalmin hawa ba ne, a sa rufaffe. Wanda aka goya shi ma kai gare shi, yana bukatar tasa hula. Mai jera 'ya'ya uku huɗu, ɗaya bisa tanki, ya tuna ya zuba ƙwansa duka cikin kwando guda.

Amma fa hula ba ta hana faɗuwa, natsuwa ke hanawa. Mai gudun kilomita 60 in ya dubi wayarsa daƙiƙa biyu kacal, ya ci fiye da mita 33 ido rufe. In an ninka gudu sau biyu, nisan da burki ke bukata ya ninku sau huɗu. Kada a raɓi babbar mota, don in ba ka ganin direba cikin madubinsa, shi ma ba ya ganinka. A kunna fitila cikin hazo da goshin magariba. A yi hattara da ruwan fari, don shi ke taso da maiƙon kwalta. A bar madubi a jikin babur, a duba burki da iskar taya kafin a tashi. Wanda ya makara ya haƙura da faɗan hedimasta, sannu ba ta hana zuwa.

Roƙonmu uku ne. Shugabannin makarantu da na ofisoshi su fara da kansu, don na gaba a ke dubawa. Kwalejojin horon malamai su koyar da wannan yadda su ke koyar da tsabta. Malamin lissafi kuma ya ba 'yan aji lissafin nan na gudu da burki, su kai gida su nuna wa iyayensu.

Ƙasa ta yi shekaru tana kashe kuɗi kafin ta sami malami guda ko akawu guda, abin da ta saya kuwa cikin kansa ya ke. Karayar ƙafa a kan ɗora, ta kai fa? Yaro ba ya bin abin da aka rubuta masa a allo kamar yadda ya ke bin abin da ya ga malaminsa na yi. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kiyashe mu, amin.